Da Sabis Ya Ɗauke: Kundin Ma'aikacin Fili a Dakko

Laraba, 1 ga Satumba, 2021

Yau 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙaramar hukumar Maradun. Kafin magariba gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu, ta sa dokar hana fita da dare. A tsakiyar watan jiya ma an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Duk Talata Mafara ba a zancen komai sai wannan. Amma saƙon da ya shigo zaurenmu na WhatsApp daga Abuja cewa ya yi: "Tawagar Bakura, adadinku na jiya bai cika ba."

Kamfaninmu na masu ba da shawara kan fasahar zamani ne. An ɗauke mu rajistar manoma a yankin noman rani na Bakolori. Mu rubuta sunan mutum, mu ɗauki hotonsa, mu taka iyakar gonarsa da na'urar da ke karanta wuri ta tauraron ɗan'adam, sannan mu tura komai kafin mu kwanta. A ofishin Abuja akwai babban allo a bango. Wanda ya cika adadinsa sunansa kore, wanda ya gaza ja. Da wannan allon suka san mu.

Alhamis, 2 ga Satumba

Mun wuni a Dakko. Wani dattijo ya hana mu taka gonarsa sai da ya zaunar da mu. Ya ce, "Yaro, awo na farko da idona aka yi shi. Mi kuka so da wanga kuma?" Jagoranmu, ɗan Bakura ne, ya durƙusa ya ce, "Baba, ba mai taɓa maka gona." Sai da aka kira mai unguwa aka sake bayani tun daga farko.

Dattijon yana da hujja. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. An karɓi gonaki, an baje su, an sake rabo, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi, har a Afrilun 1980, zamanin Shehu Shagari, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin ɗaruruwa suke lissafawa. Yanzu ana gyaran magudanan ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, amma baƙo da na'urar awo a hannu har yau abin a tsaya a duba ne. Wanda ya yanka mana adadin kullum bai sa lokacin gaisuwa da lallashi a lissafinsa ba.

Juma'a, 3 ga Satumba

Taron mako ta Zoom. Shugabar sashenmu ta buɗe da maganarta ta kullum, cewa a kamfanin nan kowa ɗan gida ne, ba oga ba yaro, a kira kowa da sunansa. Ban taɓa jin wanda ya gwada ba. Mu dai Hajiya muke ce mata, mai kamfanin kuma Oga.

'Yan gidan ma kashi biyu ne. Na Abuja suna da albashi, da inshorar lafiya, da hutun shekara. Mu na fili kwantaragin 'yan watanni ne, alawus ɗinmu kuma yana rataye da abin da ya isa rumbun bayanai. Jagora ya ce, "Hajiya, hanyar Maradun ba ta biyuwa yanzu, a ba mu izini mu tsaya kusa da gari." Ta ce za a duba, aka wuce zuwa batun sabuwar rigar kamfani.

Asabar, 4 ga Satumba

Sabis ya ɗauke ƙaf. MTN, Airtel, Glo, 9mobile, ba ko ɗaya. A rediyo muka ji cewa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ce ta umarci kamfanonin su kashe layukansu a duk Zamfara na mako biyu, bisa roƙon gwamnatin jiha, don a yanke tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Aikin jiya yana nan cikin na'urori, ba hanyar turawa. Ƙaramin cikinmu, wanda bai daɗe da gama Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau ba, ya tambaya ko za a biya mu kwanakin nan. Ba wanda ya amsa, don takardar kwantaraginmu ba ta san da irin wannan rana ba.

Litinin, 6 ga Satumba

Jagora ya tara mu da safe ya ce tunda ba wanda za a tambaya, mu yanke da kanmu. Muka yanke cewa ba zuwa Maradun, ba fita sai rana ta ɗaga, kuma kowa ya dawo masauki kafin la'asar. Na'urar tana karanta wuri ko ba sabis, saboda haka awo bai tsaya ba. Muka sayi manyan littattafai muna kwafe kowane suna da hannu, ko da wata za ta lalace.

Abin da na lura shi ne, yau ba wanda ya yi gaggawar sallamar manomi. A da mukan riƙa duba waya muna ƙirga saura nawa.

Talata, 7 ga Satumba

Ranar kasuwar da garin Talata Mafara ya samo sunansa, amma rumfuna a rufe, don an dakatar da kasuwannin mako. An hana sayar da mai a jarka, janaretan masaukinmu ya kwanta. Masu POS sun naɗe laimarsu. Kuɗinmu na banki, aljihu wayam. Direbanmu ne ya ranta mana na abinci, mutumin da ko sunansa ba ya cikin jerin ma'aikatan kamfani. Cajin na'urori kuma sai wajen wani mai sola a bakin tasha.

Alhamis, 9 ga Satumba

Jagora ya tura ni Sakkwato da na'urorin duka in tura aiki. Motar cike take da masu tafiya don kiran waya kawai. Muna dosar gari wayoyi suka hau ƙara.

Saƙonnin ofis sun taru. Na farkon duk daga kwamfuta suke, wadda aka saita ta aika takardar tuhuma ga duk wanda ya yi shiru. Kowannenmu ta tuhume shi da barin aiki ba izini. Can ƙasa sai ga saƙon Hajiya, da hannunta ta rubuta, tana tambaya ko muna lafiya. Na kira ta. Muryarta na rawa, ta ce ba ta yi barcin kirki ba tun Asabar, ta kuma ce ita ma mai kwangila yana matsa wa Oga, Oga yana matsa mata. Na yarda da ita. Tuhumar dai ta ce ba ta da ikon gogewa, sai sashen ma'aikata ya zauna.

Litinin, 13 ga Satumba

Labari mai daɗi, an sako ɗaliban Kaya. Mun koma Dakko da sanyin rai.

Zaman da muke yi da manoma ya tono matsalar da ta fi ta sabis. Fom ɗinmu gurbi ɗaya ya tanada, na mai gona. A nan kuwa akwai gonar gado da 'yan'uwa ba su raba ba, akwai aro, akwai haya, akwai jingina, akwai matar da gonar tata ce amma ƙaninta ke noma shinkafar. Idan aka rubuta wanda aka tarar a gona a matsayin mai ita, rigima aka shuka. Jagora ya ce tun farkon aiki ya faɗi wannan a taro, aka ce masa an riga an gina manhajar. Kamfanin da ke sayar wa wasu shawara bai sayi ta gida ba ko kyauta. Mun buɗe sabon shafi a littattafanmu, muna rubuta yadda kowa ya riƙe gonarsa.

Asabar, 18 ga Satumba

Mako biyun sun cika jiya, sabis bai dawo ba, kuma ba a faɗi rana ba. Muka zauna muka rubuta wa Oga takarda, kowa ya sa hannu har direba. Abu huɗu muka nema: a goge tuhumar, a biya alawus bisa littafin jagora, a ƙara wa fom guraben aro da haya da jingina da gado, a kuma rubuta cewa jagoran fili ne ke da ikon cewa yau ba a fita. Ƙaramin namu ya tsaya da biro a hannu, ya ce yana tsoron kada a ƙi sabunta masa kwantaragi. Jagora ya ce masa, "Ƙanena, sa naka a ƙarshe, nawa ne a sama." Gobe da sassafe zan kai ta Sakkwato tare da na'urorin.