Yoyon da Ya Sauko Mana Daga Bene

A shekarun da na yi zaman haya a Gyaɗi-gyaɗi cikin Kano, gidan bene muke ciki, mu a ƙasa, wani magidanci da iyalinsa a sama. Cikin hunturu ne uwargidana ta fara lura da wani tabo ruwan ƙasa a silin falonmu, dab da ƙwan lantarki. Kullum tabon sai ƙara faɗi yake, fenti ya kumbura ya fara ɓarewa, daga bisani ruwa ya soma ɗiga a kan darduma. Da damina ce da mun ɗora wa ruwan sama. To amma ga gari a bushe, ban da hazo babu komai a sararin sama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuta. Ta gefen ƙwan ruwan yake fitowa, ga yara suna wasa a wurin. Na kashe layin falon tun daga akwatin wuta, aka ajiye bokiti, na hau sama na yi sallama da maƙwabcina. Bai yi gardama ba, amma ya nuna mini cewa banɗakinsu ba a saitin tabon yake ba, akwai tazara mai kyau. Da gaskiyarsa.

Mai gyaran da aka fara kira saurayi ne. Leƙawa ɗaya ya yi, ya ce bututu ne ya fashe a cikin dakin, wato kankaren da ya raba sama da ƙasa, sai an fasa tayil ɗin banɗakin gaba ɗaya an sake jan layi. Da ya faɗi kuɗin aikin, na ga fuskar maƙwabcina ta sauya. Mai gidan ya ce ɓarnar 'yan haya ce, maƙwabcina ya ce aikin magina ne tun farko. Gaisuwarmu ta bakin ƙofa ta fara gajarta, matanmu kuma suka rage shiga wurin juna. Wannan ya fi ɗigon damuna.

A masallacin unguwa wani ya haɗa mu da wani dattijo mai gyaran famfo, kowa Baba yake ce masa. Ya zo a kan tsohon kekensa, ya tsaya a falo yana kallon silin, bai taɓa ko guduma ba.

"Malam, ɗigon nan dare da rana yake yi, ko yana da lokaci?"

Uwargidana ce ta amsa daga bayan labule, ta ce ya fi ƙarfi da hantsi da kuma bayan Isha'i, da tsakar rana kuwa yakan tsaya.

"Madalla, Hajiya, kin rage mini rabin aiki," in ji shi. "Ruwa ba ya tsami banza."

Sai ya yi mana bayani. Bututun da ke kawo ruwa daga tanki kullum a cike yake, nauyin ruwan saman rufi yana danna shi, don haka in ya tsage ba ya hutawa. Yoyon da ke zuwa yana tafiya kuwa na ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ne. Batun tazara kuma, ya ce ruwa in ya shiga kankare ba ya sauka a miƙe. Yakan bi gangara, ya sami bututun wayar wuta ya bi shi har inda aka huda don ƙwai.

Aka nemi izini, mata suka shige ɗaki, muka hau. Baba ya aika yaro ya sayo bula ta wanki. Ya ce abu ɗaya za a gwada, a jira, sannan a matsa gaba, kuma kada kowa ya taɓa famfo a tsakani. Ya fara da masai, ya zuba bula ya kora, aka jira, silin bai nuna komai ba. Ya toshe bahon wankan, ya cika shi da bokiti har kusa da ramin ambaliya, ya rina ruwan ya yi shuɗi, muka tafi sallar Azahar muka dawo. Ruwan yana nan inda ya sa alama da alli. Wato bahon bai tsage ba, bakin magudanar ma yana riƙe. Sannan ya zare matoshin, ya ce in sauka in shimfiɗa farin ƙyalle a bakin bokiti. Kafin La'asar ɗigo ya dawo, kuma shuɗi ne.

Tayil biyu kacal ya cire daga gefen bahon, don magina sun kewaye shi da bulo sun like ba ko kafa. Ya kwanta a kan kwali, ya miƙa mini tocila. Wari na danshi ya buso. Ƙasan bahon ya zama ɗan tafki, ga gansakuka, ga kyankyasai suna gudu. Ya zura hannu ya kwance mahaɗin bututun magudana, na roba mai inci ɗaya da rabi, ya fito da zoben robar da ke tsakani. Ya bushe ƙamas, ya tsage gida biyu a tafin hannunsa. Ya nuna mana dalili biyu. Bahon bai zauna daram ba, duk wanda ya taka cikinsa sai ya ɗan motsa ya ja mahaɗin. Ga kuma tafasasshen ruwa da ake juyewa kai tsaye saboda sanyin hunturu, wanda ke sa robar ta saki.

A kasuwar Ƙofar Ruwa aka sayo zoben da sabon mahaɗi, kuɗinsu bai kai na buhun siminti ɗaya ba. Baba ya tallafe bahon da bulo da siminti, ya toshe ramin da bututun ya ratsa dakin, ya sake gwaji da bula. A gurbin tayil ɗin nan biyu ya sa murfi mai kusoshi da za a iya kwancewa. Ya kuma gargaɗe ni kada in yi saurin fenti, in bar kankaren ya bushe sosai, a kira mai wuta ya duba wayoyin kafin a mayar da layin. Ya ce ba silin yake ji ba, rodin da ke cikin dakin yake ji, don in ya yi tsatsa kumbura yake har ya tsaga kankaren da ke riƙe da mutane.

Maƙwabcina ya biya kayan, na biya ladan aiki, mai gida ya ɗauki fenti, ba tare da wani ya kai ƙara wurin mai unguwa ba. Da an bi shawarar farko, da an rushe banɗaki mai lafiya, an bar iyalin mutum suna ɗibar ruwa a waje cikin sanyi, ga gaba tsakanin gidaje biyu.

Benaye sai ƙaruwa suke a Kano, kuma har yanzu ana binne mahaɗan bututu a bayan tayil ba tare da ƙofar dubawa ba. Roƙona ga masu gini shi ne su bar wannan 'yar ƙofa. Wanda kuma ruwa ya ɗigo masa daga sama, ya fara kashe wuta, ya lura da lokacin ɗigon, ya je wa maƙwabcinsa da sallama, kuma kada ya yarda a ɗaga guduma sai an gwada an gani.