Sabo ake yi wa kuka

Tsohon wilin mota ne ƙararrawar makarantarmu, an rataye shi a reshen darbejiya kusa da ofishin hedimasta. Idan yaro ya kwaɗa masa ƙarfe, har cikin haƙorana nake jin ƙarar. Shekara goma sha ɗaya ina mita a kansa. Yau kuwa da za a ce in biya kuɗi a kaɗa mini shi sau ɗaya, wallahi da na biya.

A 2023 na ajiye koyarwa. 'Yata ta biyu tana da sikila, kuma hunturun shekarar ya zo mana da nauyi. Mu kwana uku a asibiti, mu dawo, kafin mako biyu mun koma. 'Yan ajina hamsin da wani abu suna zaune ba malama, ita kuma tana kwance tana kiran sunana. Na ga ina tauye haƙƙin ɓangare biyu, sai na zaɓi ɗaya. Maigida bai tilasta ni ba, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba.

Na yi tanadin rashin albashi, na yi tanadin maganar mutane. Abin da ban yi wa tanadi ba shi ne ƙarfe takwas na safe. Mai adaidaita ya kwashe yara, maigida ya fita kasuwa, na rufe ƙofa, sai gidan ya yi tsit. Babu abin da ke motsi sai kukan kurciya, da injin markaɗe can bayan layi. A irin wannan lokacin ne a da nake kiran suna, wani ya amsa da ƙarfi kamar za a ba shi kyauta, wata sai na ɗago kai na duba kafin in tabbatar ta zo.

Sai na riƙa tuno abubuwan da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba. Ƙarar alli a jikin allo. Jan benci a kan siminti. Aji guda suna rera biyu sau biyu huɗu, ajin kusa da mu suna ƙoƙarin danne su. Hayaniyar fita tara, masu awara da gurasa suna rigimar canji da yara. Dariyar ofishin malamai ranar ɗaukar adashi. Da kuma kalmar nan da nake ji sau ɗari a wuni, har ta gundure ni: "Malama! Malama!" Yanzu sai in yi mako ba wanda ya kira ni da ita.

Sauti ɗaya ya rage mini da safe, shi ne na waya. Ina ajiye ta kusa da ni ko wanke-wanke nake yi, domin idan ta yi ƙara kafin azahar, gabana faɗuwa yake: ko daga makarantarsu ne, ciwon ya tashi?

Ranar da abin ya fi taɓa ni, a 2024 ne, bayan gwamnati ta dawo da tsohon taken Najeriya, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Ina shanya sai iska ta kawo mini muryoyin yaran wata makaranta suna rera shi, suna tuntuɓe a kan kalmomin. Ni da na koya wa ɗaruruwan yara wancan taken, ga shi an sauya, wasu ne ke koyarwa. Na zauna a bakin rijiya da jiƙaƙƙen zane a hannu, hawaye na zuba.

Na daɗe ina ɓoye wannan kewa, ina ganin kamar butulci ne. Uwar da Allah ya ba damar zama kusa da 'yarta, me za ta nema a hayaniyar 'ya'yan wasu? Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ce, "Ke 'yar nan, sabo ake yi wa kuka. Kewar aiki ba ta rage miki son 'yarki da ƙwayar zarra ba." Tun daga ranar na daina jin kunyar abin.

Yanzu bayan la'asar yaran maƙwabta shida suna zuwa zaurenmu da littattafansu. 'Yata ce mai kiran suna idan jikin da sauƙi, kuma ita ta samo murfin tukunya da cokali ta ce ga ƙararrawa. Ba ta kai wilin ƙara ba, safiyata ma tana nan shiru yadda take. Amma jiya wani ɗan ƙarami ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, na gama," sai da na juya baya na goge ido kafin in karɓi littafin.

'Yar'uwa, idan ke ma kin ajiye aiki saboda gida, wane sauti ne yake biyo ki har kicin?