Yini Guda a Duwatsun Gashaka

Alal haƙiƙa, mu Hausawa ba mu saba hawan dutse don nishaɗi ba. Kakanninmu sun hau Dala da Kufena domin tsaro ko bauta. Shi ya sa da muka ce za mu yini a Gandun Dajin Gashaka-Gumti, sai abokai suka tambaya, me muka ajiye a can?

Wannan gandu, wanda aka kafa a 1991 tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, ya fi kowanne girma a Nijeriya. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar, mai mita 2,419. Mu dai ƙanensa muka hau, kusa da ƙauyen Gashaka, inda kufan sansanin Jamusawa yake. Mun tashi da asuba, ma'aikacin gandu na gaba, muna biye da gorar ruwa.

Daga bisa muka hango ƙoramun da ke gangarawa kogin Taraba, shi kuma ya zuba cikin Binuwai. Idan masu saran madobiya suka cinye wannan kurmi, manomin fadama da masunci su za su fara ɗanɗana kuɗarsu. Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu su je su gani, domin gani ya kori ji.