Kalmar da Ta Ƙaura Daga Dutse Zuwa Sama

A cikin kalmomin Ingilishi da nake koya wa ɗalibaina na fassara, babu wadda suke rainawa kamar "cloudy". Sukan buɗe ƙamus, su ga "mai gajimare", su wuce. Ni kuwa nakan tsayar da su a kanta, domin wannan gajeren bayani bai ƙare zancenta ba.

A tsohon Ingilishi, "clud" tarin duwatsu ne ko tsauni, "cludig" kuwa wuri ne mai duwatsu. Gajimare a wancan zamani "wolcen" ake ce masa. Sai wajen shekarar 1300 kalmar ta ƙaura daga ƙasa zuwa sama, mai yiwuwa saboda gajimaren da ya taru yana kama da tsaunuka. Hatta "sky" da ake nufin sararin sama da ita a yau, aro ce daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, kuma a can gajimare take nufi.

Daga nan sifar ta yaɗu. Ana faɗar ta a kan ruwan da ya gurɓace, da idon da yana ta rufe, da tunanin da bai fito sarari ba, da makomar da ake shakka a kanta. Duk inda aka are ta, rashin haske ake nufi. Wannan ya dace da mutanen Ingila, waɗanda rana ce take yi musu wuyar gani, ba ruwan sama ba.

Bahaushe kuwa ya rarrabe abin da ke samansa: gajimare daban, hadari daban, hazo daban, lumshi daban. Manomin da ya yi shuka, idan ya ga hadari ya haɗo daga gabas, murna yake yi. Saboda haka ɗalibin da ya fassara "cloudy future" da "makoma mai gajimare" ya juya saƙon, domin mai karatu yana iya ɗaukar gargaɗi a matsayin albishir. Abin da ake nufi shi ne makomar da ba ta da tabbas. Idan yanayi ake bayani, sai a ce gari ya yi lumshi.

Ɗaliban nan su ne gobe za su fassara wa jama'a labaran rediyo da hasashen yanayi. Shi ya sa nake ce musu, kafin su zaɓi kalma, su tambayi kansu ƙarƙashin wane sama mai saurarensu yake zaune.