Littafi da Ƙarfen Dalma

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san rediyo ba kayan ado ba ce. Manomi yakan rataye ta a reshe sa'ad da yake noma, mai shayi yakan dasa ta kusa da gwangwanin madara, falke kuma yana riƙe da ita a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kunne ɗaya wajen ciniki, ɗaya wajen labarin duniya. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, na Jamus ya biyo baya a 1963, na Amurka kuma a 1979. Tun daga lokacin kunnuwanmu suka saba da jin "gajeren zango, a kan mita 31 da mita 25", har yara sun haddace. To amma jama'a, mutum nawa ne cikinmu, har da mu da ake kira 'yan jami'a, zai iya faɗin abin da mita 31 ɗin nan take nufi?

Abin kuwa ba shi da wuya. Igiyar rediyo tana tafiya da saurin haske, watau kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. In ka raba 300 da yawan megahaz na tasha, sai ka sami tsawon igiyarta a mita. Tashar da ke wajen megahaz 9.7 tsawon igiyarta mita 31 ke nan. Tashar FM da ke kan megahaz 100 tata mita 3 ce, kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuwa santimita 75, shi ya sa eriyar rediyon hannu in an zare ta duka ba ta cika wuce haka da yawa ba. Ni dai ba a aji na fara cin karo da wannan lissafi a sauƙaƙe haka ba. A wani littafin koyon aiki na gan shi, irin littattafan nan da wasu ke yi wa kallon raini don ba su cika shafi da dogon lissafi ba. A kansu nake son in yi magana, musamman waɗanda ke koyar da yadda ake tsara da'irar lantarki mai aiki da igiyar rediyo.

Ina karatun injiniyan lantarki ne, hutuna kuwa mafi yawa a rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo nake yin sa a Gumel. Mutumin nan bai yi boko mai nisa ba, amma in ya buɗe tsohuwar National yakan nuna maka ƙananan gwangwanaye huɗu da ke ciki, mai jan kai, da mai rawaya, da mai fari, da mai baƙi, ya gaya maka wanda za a taɓa in murya ta yi ƙasa, da wanda in ka taɓa tashoshi za su gudu daga inda suke a allo. Ba ya murɗa su da sukurdireban ƙarfe, sai da wani tsinken roba da ya fiƙe da kansa. Wata rana na ce masa, "Baba, me ya sa ba ka sa ƙarfe?" Ya ce, "Yaro, haka maigidana ya koya mini. Ƙarfe yana yi wa rediyo ƙarya." Gaskiya ya faɗa, sai dai iyakar abin da zai iya faɗa ke nan. Littafi ne ya gaya mini sauran: gwangwanayen nan kwayil ne, uku daga ciki an daidaita su a kan kilohaz 455, mai jan kai shi ne na da'irar da ke haifar da kaɗawar cikin rediyon kanta, ƙarfe kuwa in ya kusanci kwayil yana sauya ƙarfinsa, da ka janye sai saitin ya goce. Dabarar mai da kowace tasha zuwa mataki guda kafin a ƙara mata ƙarfi, Edwin Armstrong na Amurka ya fito da ita a 1918, kuma a kanta aka gina kusan duk rediyon da iyayenmu suka saurara.

A ɗaya gefen kuma ga mu nan ɗalibai. Mun san lissafin Maxwell, muna iya cika takarda uku da shi a jarrabawa. Ba na raina wannan, domin shi ne tushe, kuma wanda zai yi nisa a fannin nan ba makawa sai ya zauna da manyan littattafai irin Microwave Engineering na David Pozar. Amma a ba ɗalibin aji huɗu taranzista ɗaya da waya da dalma, a ce ya haɗa abin da zai kama tashar FM, sai ka ga gumi. Dattijon yana da hannu ba shi da dalili, mu muna da dalili ba mu da hannu. Littafin koyon aiki shi ne wanda ya zauna tsakaninmu.

Bari in kawo misali guda, don kada a ce yabon littafi kawai nake yi. A ce kana son da'irar da za ta zaɓi megahaz 100. Lissafin aji ya ce ka haɗa kondansa mai fikofarad 25 da kwayil mai nanohenri 100, kuma lissafin daidai ne. Ka sayo kaya, ka haɗa, ka bar wa kondansa ƙafafunta dogaye yadda ta fito daga shago, ka kunna, shiru. Me ya faru? Littafin RF Circuit Design na Chris Bowick, wanda ya fara fitowa a 1982, bai fara da taranzista ba, bai fara da eriya ba, da waya ya fara, ita wayar banza da muke yankewa mu yar. Ya nuna cewa in kaɗawa ta yi yawa, miƙaƙƙiyar waya ma kwayil ce. Kowace santimita ɗaya tana ƙara abin da ya kusa nanohenri 8 zuwa 10. Saboda haka santimita biyu na ƙafar da ba ka yanke ba sun ƙara wa kwayil ɗinka kusan kashi ɗaya cikin biyar, da'irarka ta sauka zuwa wajen megahaz 92. Tashar da kake nema tana nan, kai ne ka koma wata unguwa. A zanen allo waya layi ce kawai, ba ta da hali. A kan tebur kuwa tana da hali, kondansa ma in kaɗawa ta wuce wani mataki sai ta koma yin aikin kwayil, wutar kuma ta daina bin tsakiyar waya ta koma bin fatarta. Dattijon rumfa ya san a yanke ƙafa gajere. Littafin ya gaya maka gajere nawa, kuma don me.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu na arewa musamman, watau zafi. A watan Afrilu zafin Gumel da Maigatari yakan haura digiri 40, cikin rumfar kwano kuwa abin ya fi haka. Da'irar da ka saita da sanyin asuba, kafin azahar ta goce, domin zafi yana sauya kondansa da kwayil. Littattafan masu sha'awar rediyo sun daɗe da sanin wannan ciwo. Suna gaya maka irin kondansar da zafi bai cika damunta ba, wadda ake yi wa alamar NP0, da yadda za ka nisanta da'irar da duk abin da ke ɗumi, da yadda za ka ɗaure kwayil kada ya motsa. Kundin ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Amurka, ARRL Handbook, tun 1926 ake buga shi ana sabuntawa, kuma cike yake da irin waɗannan ƙananan dabaru na mutanen da suka ƙona yatsa kafin su rubuta. Haka nan Experimental Methods in RF Design na Wes Hayward da abokansa biyu, na 2003, wanda hanyarsa ita ce ka gina ɗan yanki, ka auna, sannan ka ci gaba.

Babin da na fi jin daɗinsa shi ne na daidaita turjiya, watau yadda za a sa eriya da waya da na'ura su yarda da juna, ƙarfi ya wuce gaba maimakon ya dawo baya. Yawancin kayan rediyo an tsara su a kan om 50, na talabijin kuma 75. A aji lissafin wannan yana da ban tsoro. A littafin aiki sai a ba ka wani zane mai kama da faifai, wanda Phillip Smith ya fitar a 1939, ka ɗora fensir a inda kake, ka bi layi zuwa tsakiya, zanen ya gaya maka kondansa da kwayil ɗin da kake bukata. Wanda ya fahimci wannan babi, in ya bi hanyar Sule Tankarkar ya ga dogayen eriyoyi a kan gora bisa rufin gidaje, ba zai ƙara yi musu kallon tarkace ba. Irin eriyar nan mai haƙarƙari, Yagi da Uda na Japan suka ƙirƙiro ta a 1926, kuma tsawon kowane haƙarƙari da tazararsa lissafi ne. Sau da yawa gidan da hoto ke yin yayyafi ba tsawon gora ya rasa ba, wayar da aka jona ce ba ta dace ba.

Na san wani zai ce, yanzu da intanet ta zo, ga bidiyo ga manhajar kwamfuta mai gwada da'ira, wa ke ta littafi? Ina kallon bidiyon nan, kuma suna da amfani. Sai dai bidiyo yakan nuna maka abu guda da ya yi aiki a hannun mutum guda. In naka ya ƙi, ba shi da shafi na gaba. Manhaja kuma abin da ka gaya mata shi take lissafawa. In ba ka san ƙafar kondansa kwayil ce ba, ba za ka sa ta a ciki ba, ita kuma ba za ta tuna maka ba. Ban da haka, a ƙauyukan Gagarawa littafi ba ya neman caji, ba ya cin kuɗin data.

Amma fa littattafan nan suna da nasu aibi, kuma bai kamata a ɓoye ba. An rubuta su ne don mutumin da zai aika a kawo masa kowane irin kaya har ƙofar gida. Mu kuwa sai abin da aka samu a Sabon Gari a Kano, ko abin da aka ciro daga matacciyar rediyo. Suna ɗauka kana da na'urorin awo, ko da yake wannan ya yi sauƙi tun da ƙananan na'urori masu araha irin RTL-SDR da NanoVNA suka bazu. Suna kuma cike da zanen na'urar watsa magana, alhali a Nijeriya ba a watsa shiri sai da lasin Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992. Mai koyo ya fara da na'urar kamawa, ita ba ta shiga gonar kowa. Babban aibinsu dai shi ne harshe. Dukkansu da Turanci suke, Turancin ma na masu sana'a.

Nan ne abin ya dame ni. Tun da wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, samarin da da za su zauna a rumfar rediyo sun koma gyaran waya. Ita ma wayar rediyo ce, tana aiki a kan megahaz 900 da 1800 da wasunsu, shi ya sa a bakin iyaka a Maigatari wani lokaci takan saki layin gida ta kama na Nijar. Amma gyaranta ya zama ciro wannan, sa wancan. Sabbin rediyoyi ma an tattara kusan komai cikin ƙwaya ɗaya, babu gwangwanin da za a murɗa. Dattawan da suka san aikin da kunne suna ƙarewa, abin da suka sani kuwa ba a rubuce yake ba. Yaro mai basira yana nan a kowane gari. Kelvin Doe na Saliyo da tarkacen bola ya haɗa na'urar watsa shirinsa, har aka gayyace shi jami'ar MIT a 2012. Namu na Gumel da Gagarawa ba su fi shi rashin kaya ba. In ɗayansu ya ɗauki littafin Bowick, a shafin farko Turanci zai tare shi.

To 'yan'uwa 'yan ƙungiyar Hausa, wannan ƙorafi a ƙofarmu ya tsaya. Mun yi waƙa, mun yi wasan kwaikwayo, mun yi muhawara a kan nahawu, duk sun yi kyau. Amma magabatanmu ba su tsaya nan ba. Dokta East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyya da Hausa, Hukumar NORLA kuma a shekarun 1950 ta buga ƙananan littattafan koyar da jama'a masu yawa a Zariya. Me zai hana ɗaliban sashen Hausa da na injiniya su zauna tebur ɗaya su fitar da ɗan littafi, ko mai shafi 40 ne? Ba fassara nake nufi ba. A rubuta shi da kayan da ake samu a kasuwarmu, a gwada kowace da'ira a zafinmu kafin a buga, a kuma kai wa masu gyara su karanta su faɗi inda ba su gane ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana kusa, ga makarantun fasaha a Kazaure da Haɗeja, ba za a rasa masu gwadawa ba.

Wahalar farko ita ce kalmomi, kuma a nan ne muke bukatar malamanmu. Shawarata ita ce duk kalmar da rumfa ta riga ta karɓa a bar ta: kwayil, kondansa, eriya, dalma. Ba amfanin ƙirƙiro wa mai gyara sabon sunan abin da ya shekara talatin yana riƙewa. Inda rumfa ba ta da kalma, nan za a yi aiki. Na yi amfani da "kaɗawa" da "turjiya" a wannan rubutu, kuma na san akwai malamin da zai ɗaga gira. "Mita" kaɗai tana ɗauke da ma'ana uku a rumfar dattijon nan: tsawon igiya, da lambar tasha, da na'urar awon da ke kan teburinsa. Da ita ya kamata zaman farko ya fara.