Wasika daga Jidda: Hausar jikokinmu

  Mu nan Jidda sai godiya, sai dai zafi.

Akwai wani fim na Kanada mai suna We Were Children, na 2012, da nake so ku nema. Labarin makarantun kwana ne da gwamnati da coci-coci suka tusa yaran 'yan asalin kasar, kimanin 150,000, ana dukansu in sun yi yarensu. Kabilar Mi'kmaq sun kulla yarjejeniyar zaman lafiya da Ingila a 1752, amma haka aka rika kwashe 'ya'yansu zuwa makarantar Shubenacadie har 1967. Yanzu duk 1 ga Oktoba suna bikin tuna alkawarin.

Ni kuwa namu ne ya tsaya min a rai. Mu Takari ba wanda ya kwace mana yara. Kakannin wasunmu sun baro gida bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka ratso Sudan da Hausarsu a baki. A Kurayyat da Karantina, gidan biki da kaset din fina-finan Kano su suka rike mana harshe. Da aka rushe unguwannin, kowa ya kama gabansa. Yau in na yi wa jikata Hausa, da Larabci take amsawa.

Don Allah Yaya, in an samu mai zuwa Umara, a aiko min littattafan Hausa na yara. In kun bugo waya kuma, ku yi mata Hausa zalla, ko za ta yi shiru.

A gaida Inna. Sai na ji daga gare ku.