Tausayin da Ya Cuci Kyanwata

A gidajenmu, rabon kyanwa shi ne abin da ya rage a kwano: guntun tuwo da miya, kan kifi, ɗan nono in an samu. Haka na taso na gani, haka kuma na riƙe tawa, wata fara mai baƙin tabo a kunne. Da ta girma sai ciwon ciki ya sa ta gaba. Yau gudawa, gobe amai, jibi ta warware kamar ba ita ba, sannan abin ya dawo. Gashinta ya dushe. In na shafa bayanta ina jin ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya a tafin hannuna.

Kuskurena na farko madara ce. Ganin ta rame, na ce bari in ba ta abu mai laushi mai gina jiki. Kowace safiya sai in dama madarar gari a murfin kwano, ta lashe tas, ta ɗago kai tana neman ƙari. Son da take yi wa madarar ne ya rufe min ido. Ashe yawancin kyanwoyi, da zarar sun bar shan nonon uwa, cikinsu yakan rage iya narkar da sukarin da ke cikin madara. Sukarin ya wuce hanji yadda yake, ya jawo ruwa, ciki ya kumbura, zawo ya ɓalle. Da hannuna nake ƙara mata cutar da nake neman tsayarwa.

Na biyu, sai na shiga bin shawarar kowa. Wannan ta ce kifi busasshe, waccan ta ce hanta, wani ya ce romon kaza. Kusan kullum da sabon abu a gabanta, har na kasa gane wanne ke tayar mata da ciki. Romon kuma daga tukunyarmu nake ɗibarsa, da albasarsa da tafarnuwarsa da gishirinsa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, a hankali jininta ya ƙare ba tare da an lura ba.

Na uku Allah ne ya kiyaye. Wani dare na ji jikinta da zafi, na ɓalli ƙwayar farasitamol zan narka mata a cokali. Ƙanin mijina, wanda ya saba da kiwo, ya riƙe hannuna.

"Yaya, don Allah kada ki ba ta. Wannan kashe kyanwa yake yi, ko da guntu ne."

Gaskiya ya faɗa. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani kamar tamu. Washegari na saka ta a kwando na kai ta wurin likitan dabbobi, abin da ya kamata in yi tun da fari.

Likitan bai fara da allura ba, da tambayoyi ya fara. "Hajiya, me take ci? Sau nawa take kashi? Akwai jini ko majina a ciki?" Na ji kunya, domin ban taɓa tsayawa na duba ba. Ya sa aka gwada kashin, ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya kuma ce a yaƙi ƙuma, tunda haɗiye ƙuma yayin lasar jiki yana sa mata wata irin tsutsa. Sannan ya kafa min doka: nama iri ɗaya tak, dafaffiyar tsokar kaza, ba gishiri, ba kayan ƙanshi, ba ƙashi. A ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, da ruwa mai tsabta a kusa. Kada kowa ya jefa mata komai a bayan fage, ko da loma ɗaya ce, domin lomar nan ita ke ɓata gwajin gano abin da ke tayar mata da ciki.

Ya gargaɗe ni da abubuwa biyu. Kada in hana ta abinci da sunan hutar da ciki, don kyanwar da ta kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse na iya taruwa a hantarta, ya zama cutar da ta fi ta farko haɗari. Tsokar kaza kaɗai kuma ta ɗan lokaci ce, ba ta cika duk bukatar jiki ba. Kyanwa maciyar nama ce zalla, tuwo ba ya riƙe ta. Akwai wani sinadari a nama mai suna taurin, wanda rashinsa ke makantar da ita. A 1987 masu bincike a Amurka suka tabbatar cewa rashinsa yana raunana mata zuciya ma. Don haka da cikinta ya lafa, muka koma cikakken abincin da likitan ya zaɓa, ana gauraya sabo da tsoho a hankali cikin kwana 7 zuwa 10.

Ba ta warke ƙaƙaf ba. Har yau in ta saci abu a ɗakin girki, ciki yakan tashi. Amma ta yi ƙiba, gashinta ya dawo, tana hawa katanga. Na hana yara ba ta ragowar shayi, na bayyana musu dalili, yanzu su ke hana baƙi.

Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ta bar ta da yunwa. Na daɗe ina ganin na tsira tunda kwanon tawa bai taɓa bushewa ba. Yanzu na gane amanar ta wuce cika kwano, ta haɗa da sanin abin da ake zubawa a ciki. Dabba ba ta iya cewa nan ke min ciwo. Ramarta da kashinta da amanta su ne bayaninta. Wanda kyanwarsa ta jima tana gudawa, ya ɗauke madara, ya nisanta ta da maganin mutane, ya nemi likitan dabbobi tun tana da ƙarfin tafiya.